Bekin soda da wankin tayil: masu sani ku zo mu ji

Maman Hanif, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Tayil ɗin kicin ɗina da na banɗaki sun kai ni bango. Kullum sai an share an goge, amma layin nan na tsakanin tayil ya koma baƙi ƙirin. Bangon bayan abin girki ya yi danƙo, in kin ɗora hannu sai ya kama. A banɗaki kuma wani fari-farin abu ne ya bi bango tun daga kan famfo har ƙasa, ga jan tabo a inda ruwa ke ɗiga. Ina ta ganin bidiyo wai bekin soda babu abin da ba ya fitarwa. Gaskiya ne, ko dai aikin masu neman mabiya ne? In gaskiya ne, yaya ake haɗa shi?

Anti Rabi, Malali:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ƙanwata, ni shi nake yi. Ki samu roba ki zuba bekin soda rabin kofi, ruwan khal murfi uku, omo kaɗan, ki matse lemon tsami biyu, sai ki ɗan tsiyaya Hypo a kai. Za ki ga ya taso da kumfa fuuu. Ki shafe tayil ɗin da shi ki dirje. Har fuskarki sai kin gani a jiki.

Sista Ladi, Barnawa:
Anti Rabi don girman Allah ki cire Hypo daga cikin wannan haɗin. Maman Hanif kada ki gwada. Bilic irin su Hypo, in ya haɗu da abu mai tsami, khal ne ko lemon tsami ko ruwan wanke masai mai asid, iskar kulorin yake saki. Ita ce ke sa ido ya yi ja yana hawaye, maƙogwaro ya kama zafi, tari ya turnuƙe mutum, ƙirji ya ɗaure. Banɗakunanmu kuma kin san su, 'yar taga ɗaya ce can sama, wasu ma babu. Mai asma ko ƙaramin yaro ba sai ya shaƙa da yawa ba. Mu da ke aikin jinya muna ganin irin wannan, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: mace ta rufe ƙofa tana wanke bayi, ta haɗa abu biyu don ya fi fita. Ku duba bayan robar ma, a rubuce yake kada a haɗa shi da komai.

Anti Rabi, Malali:
To Sista, ni dai na daɗe ina yi ban taɓa jin ko tari ba.

Sista Ladi, Barnawa:
Allah ne ya tsare, Anti. Ba kowa zai auna yadda kike aunawa ba, kuma a nan mutum ɗari za su karanta.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Bari in sa baki tunda abin ya taɓo darasin da nake koyarwa. Anti Rabi, akwai dalilin da ya sa ba ki ji komai ba, kuma dalilin nan shi ne ya nuna khal ɗin da lemon asararsu kike yi.

Bekin soda, wato sodiyam baikabonet, kishiyar tsami ne. In suka haɗu da khal kowa kashe ɗan uwansa yake yi. Kumfar da kike gani iskar kabon dayokzaid ce ke fita, irin wadda ke cikin lemon kwalba, abin da ya rage a robar kuma ruwa ne da wani gishiri marar ƙarfi. Khal na kanti yawanci kashi 5 cikin 100 ne asid. A lissafi, babban cokali ɗaya na bekin soda yana cinye tsamin khal kusan mililita 200, kusan kofi guda ke nan. Ke kuma rabin kofi na hodar kike zubawa a kan murfi uku. Ashe tun kafin Hypo ya iso, tsamin ya mutu. Ranar da hannu ya juya, aka fara zuba khal da Hypo kafin hodar, ko hodar ta yi kaɗan, ranar za a ji a jiki. Wanda ke yi miki aikin a haɗin nan, ragowar bekin soda ne da omo da ƙarfin damtsenki.

Maman Hanif, matsalarki ba ɗaya ba ce, shi ya sa magani ɗaya ba zai yi miki ba. Maiƙon kicin da baƙin layi, wannan fagen bekin soda ne. Yana da ɗan kaifi a kan maiƙo, a ma'aunin tsami da kaifi da ake kira pH yana wajen 8, ga shi gari ne mai ɗan gurza ba tare da ya kuje tayil ba. Ki kwaɓa cokali 3 na hodar da cokali 1 na ruwa, ki ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa. Ya yi kauri yadda zai zauna a bango ba zai zuba ba. Ki bi layin da shi, ki ba shi minti 10 zuwa 15, ki dirje da tsohon buroshin haƙori, ki kwashe da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ki ɗauraye. In maiƙon ya daɗe ya daskare, ki fara dafa wurin da tsumman da kika tsoma a ruwan zafi, ya yi laushi tukuna.

Amma jan tabon nan da fari-farin banɗaki, in na ruwa ne, ko buhu kika juye musu ba za su motsa ba. Su tsami suke so.

Maman Hanif, Unguwar Dosa:
Malama Allah ya saka da alheri. To me ke kawo su tun farko? Ruwan burtsatse muke amfani da shi.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Na yi zaton haka. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauko ma'adinai. In yana da sinadarin ƙarfe, za ki ga ya fito garau daga famfo, amma da ya sha iska sai ƙarfen ya yi tsatsa ya zauna a inda yake ɗiga. Shi ne jan tabon. Kada ki zuba masa bilic, ƙara kama shi yake yi. Farin kuma ko dai busasshen sabulu ne, ko kalshiyam ɗin da ruwa ya bari bayan ya bushe. Ki matsa lemon tsami a kai ki sa ido: in ya ɗan yi tsiii da ƙananan kumfa, na ruwa ne, ki ci gaba da lemon ko khal zalla, ki bar shi minti biyar ki goge ki ɗauraye. In bai yi komai ba sabulu ne, wannan bekin soda da soso za su kankare shi. Sai dai ki raba musu lokaci. Ki gama da ɗaya ki wanke da ruwa, sannan ki ɗauko ɗayan.

Amaryar Kawo:
Yayyena ku yi haƙuri da tambayar sabon shiga. Wanda nake sa wa a cincin da kek shi ne? Ina da gwangwani guda a kayan garata.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Amarya ki duba jikin gwangwanin. In bekin foda ne, ba shi ba ne. Shi an riga an gauraya masa busasshen tsami da sitaci, da ya taɓa ruwa zai kashe kansa, sitacin kuma ya bar miki danƙo a tayil. Ki bar shi ga kek. Bekin soda zalla ake nema. Masu kayan kek a Kasuwar Gumi da Kasuwar Bacci suna da shi, har na awo, ya fi na ɗan kwali sauƙi in wanki za a yi.

Uwar Biyu, Rigasa:
Yawwa, nan nake jira a zo. Ni sana'ata sabulun ruwa, kullum ina wurin masu kemikal, kuma ina roƙon kowa kada ta aiki yaro ta ce "je ka sayo min soda". Farin abu uku ne a kan teburinsu. Akwai bekin soda, mai laushi, har a abinci ana sa shi. Akwai soda ash da muke sa wa a sabulu, ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, yana busar da hannu yana tsattsaga shi. Sai kuma kostik soda, wadda ake sabulun soda da ita. Wannan wuta ce. In kika zuba ta a ruwa robar har zafi take ɗauka, in ta taɓa fata sai ta ci. Mai kemikal in ya ji "soda" kawai, ita zai ƙulla, don ita aka fi saye. A leda ba suna ba komai. Ki je da kanki, ki faɗi cikakken sunan, ki rubuta a jikin robar da kika juye.

Sista Ladi, Barnawa:
Allah ya yi miki albarka Uwar Biyu. Kostik da aka jiƙa aka ajiye a gorar ruwa ta lalata maƙogwaron yara da yawa a ƙasar nan, yaro ya ɗauka ruwa ne ya kurɓa. In Allah ya kawo tsautsayi, kada a ɗura masa manja, kada a sa masa hannu a baki don ya yi amai, dawowar da za ta yi ƙara ƙona hanyar take yi. Asibiti kai tsaye, a tafi da ledar ko gorar. In a fata ne ko ido, a sakar wa wurin ruwa mai yawa kamar minti 20 sannan a tafi.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki:
Oh ni 'yasu. 'Ya'yan nan kuna ta dogon turanci a kan abin da muka tashi muka tarar. Mu da toka da kanwa muka yi wanke-wanke, tukunya ta yi ƙal, daɓen siminti ya yi fes. Yanzu an ƙulla muku kanwar a kwali an sa mata sunan bature kuna rububi.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Ranki ya daɗe Hajiya, ba ki faɗi ba daidai ba. Kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, babban abin da ke cikinta gaurayen bekin soda ne da soda ash, Allah ya haɗa su a ƙasa. A Amurka ma irin wannan dutsen suke haƙowa a jihar Wayomin su tace su fitar da nasu. Sauran duniya kuma yawanci da gishiri da farin dutse ake yin sa a masana'anta, ta hanyar da Ernest Solvay ɗan Beljiyam ya fito da ita a shekarun 1860. Ruwan toka shi ma ɗan gidansu ne, shi ya sa yake yanka maiƙo. Abu ɗaya ne ya raba: tacewa.

Malam Idi Mai Tayil:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina ta karantawa daga wurin aiki, sai yanzu na samu na wanke hannu. Hajiya a gafarce ni, amma kanwa ɗanya kada ta hau tayil mai sheƙi. Akwai yashi a cikinta, toka ma haka. Daɓen siminti ba ruwansa, amma tayil fuskarsa kamar gilashi aka ƙona a kai, yashi yana zana shi. Zanen ba ya nunawa ranar, sai a hankali ki ga wurin ya dushe, datti kuma ya samu wurin kwana. In dole sai kanwa, a jiƙa ta kwana, a tace ruwan da ƙyalle, a zubar da na ƙasan. Haka soson ƙarfe, ku raba shi da tayil. Yana kuje shi, kuma ɓurɓushinsa da ya maƙale a layi shi ne ke komawa tsatsa.

Maganar layi kuwa, bari in faɗa muku abin da mu muke gani. Yawancin gidajen Kaduna da farar siminti ake cike tsakanin tayil, ba da ainihin hodar cikon da aka yi don haka ba, saboda ta fi araha. Farar siminti tana shan ruwa. Duk ruwan da kika goge ɗaki da shi, tayil ba ya sha, layin ne ke shanyewa. To a duba yadda ake gugar: bokiti ɗaya, a fara daga falo, kafin a kai kicin ruwan ya koma kalar jar ƙasar waje, a haka za a ƙarasa. Dattin ba fita ya yi ba, tattara shi aka yi aka zuba a layi. Shekara guda ana haka, dole ya yi baƙi. Bekin soda zai fitar da na sama, ban musa ba, na ga yana yi. Amma in ba a canja yadda ake gugar ba, wata biyu ya dawo. Bokiti biyu ake yi, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye mofa, kuma da ruwan ya canja kala a zubar.

Sai abin da ya fi ci min rai, asid. Wanda muke wanke ragowar siminti da shi bayan an gama aiki, yanzu har gida-gida ake saye ana wanke banɗaki da shi duk sati. Ranar farko za ki ga haske ki yi murna. Abin da ba ki gani ba, cikon yake ci, don siminti ba ya shiri da asid. A hankali layi ya zama rami, ruwa ya samu hanya ya shiga ƙarƙashi, tayil ya fara amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa, wata rana ya ɗago. In bene ne, na ƙasa ya fara ganin danshi a silin. Khal da lemon da Malama ta faɗa ba su kai shi ba ko kusa, amma su ma a kan tabon kawai za a sa, ba a jiƙa layi da su a tafi a bari ba.

Hajiya Babba, Unguwar Sarki:
To Malam Idi, ni falona ba tayil ba ne, tarazo ne tun ginin farko. Jikata ta ce za ta wanke min da lemon tsami ya yi haske.

Malam Idi Mai Tayil:
Hajiya ki hana ta, don Allah. Tarazo tsakuwar mabul ce a cikin siminti, tsami yana cin su duka biyun. Ko lemon ya ɗiga aka bar shi sai ya bar tabo fari marar sheƙi, kuma ba ya gyaruwa sai an kawo injin gurza. Duk mai tarazo ko mabul, a tsofaffin gidajen Unguwar Rimi da Unguwar Sarki suna da yawa, ruwan ɗumi da sabulu kaɗan ya ishe shi. Irin wannan daɓen yanzu ko da kuɗi ba kowa zai yi miki shi ba.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Bekin soda ma a yi hankali da shi a kan mabul. A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, shi yana 2.5, daidai da farce, mabul yana wajen 3, kun ga sun yi kusa, dirza da ƙarfi za ta dusar da sheƙin. Gilashi yana wajen 5.5, shi ya sa fuskar tayil ba ta jin sa. Yashi kuwa 7 ne. Wannan ne dalilin da a hunturu, lokacin da ƙurar nan ta Bodele ke sauko mana daga Chadi ta haɗu da wadda takalma ke shigowa da ita, shara ta fi guga muhimmanci. In ba a share tas ba aka sa mofa, yashin ake ja a kan tayil.

Anti Rabi, Malali:
Na ji na Hypo, na bari. Amma maganar kumfa ban yarda ba har yanzu. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. In na zuba khal a kan hodar ina ganin datti yana tasowa da idona.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Anti ban ce ba ya tasowa ba. In hodar tana kan layin kika fesa khal, kumfar tana ɗaga dattin da ya riga ya saki, na 'yan daƙiƙu. Wannan daban da a haɗa su a roba a jira kumfa ta kwanta sannan a shafa, wanda shi ne yawanci ake nunawa a bidiyo, har wasu su ɗura a gora su rufe. Wannan rufewar ma haɗari ce, iskar tana iya fasa gorar. Mu daina musu, a gwada. Layi uku a wuri ɗaya: na farko kwaɓin soda da sabulu, na biyu soda da khal, na uku omo kawai. Buroshi ɗaya, dirza ɗaya.

Abu Sadik, Hayin Banki:
Ni dai ina gefe ina jin tsoro, don na san ƙarshen zancen nan a aljihunmu zai sauka. Kwanaki an wanke mana falo gaba ɗaya da hodar nan, da ya bushe sai ga shi fari fat kamar an watsa alli, tafin ƙafar kowa ya yi fari. Sai da mai ruwa ya ƙara kawo jarka huɗu kafin ya fita. Wanda famfonsa ke kawo ruwa ba zai gane ba.

Uwar Biyu, Rigasa:
Abu Sadik an yi maka yawa ne. Ba a wanke falo da shi, na layi ne da wurin maiƙo.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Haka ne. Ba ya narkewa sosai, lita ɗaya ta ruwan sanyi ba ta ɗaukar fiye da kamar giram 96, sauran yana nan gari. Shi ya sa na ce a kwashe kwaɓin da tsumma tukuna kafin a kawo ruwa. In an yi haka rabin bokiti ya isa kicin. Kuma a ɗauraye da kyau ba don kyan gani kawai ba. Ragowar sabulu a tayil mai santsi shi ke kayar da tsofaffi, musamman a wurin alwala.

Ummu Aisha, Badarawa:
Tunda an zo maganar ɗauraya, bari in ƙara wani abu da masu goyo ke tambaya a Islamiyya. In yaro ya yi fitsari a tayil, bekin soda yana kashe zarnin, wannan gaskiya ne, musamman wanda layi ya shanye. Amma gusar da wari daban, tsarki daban. A mazhabar Malikiyya da muke bi, najasa da ruwa tsantsa ake kawar da hukuncinta, wanda sabulu ko wani abu bai canja masa launi ko ɗanɗano ko ƙamshi ba. Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, guga na ruwa Manzon Allah (SAW) ya sa aka kwarara a wurin. Don haka a wanke da duk abin da za a wanke, amma ruwan ƙarshe ya zama zalla, tunda a ɗakunan nan muke shimfiɗa darduma.

Maman Hanif, Unguwar Dosa:
Jazakillahu khairan Malama, wannan ma na ƙaru.

Amaryar Kawo:
Na samo na gaskiyar a kanti, kuma na yi gwajin Malama Hauwa a kicin tunda ba ni da aikin yi. Na omo ya fita amma da saura. Na soda da sabulu da na soda da khal, wallahi na kasa bambance su, na kira maigidan ma ya duba ya ce duk ɗaya ne. Sai dai wani abu ya ba ni tsoro. Akwai inda kurkur ya zube min kusa da sink, da na shafa hodar sai wurin ya koma ja jawur.

Anti Rabi, Malali:
Kin dai ji ya ce duk ɗaya ne, bai ce nawa bai yi ba.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Anti kin ci gari, amma kuɗin khal ya tafi a banza. Amarya kada ki damu, halin kurkur ne, da ya haɗu da irin su soda ko kanwa sai ya juya ja, in ya ji tsami ya koma rawaya. Zoɓo ma in kin jefa masa kanwa ai kina ganin yadda yake duhu. Ki wanke da sabulu ki ɗauraye, abin da ya rage haske zai cinye shi a hankali. In ya shiga layi ya ƙi fita, ki kwaɓa hodar da haidirojin ɗin nan na kemis da ake wanke ciwo da shi maimakon ruwa, shi yana cire launi. Lalle ma haka, in an yi sa'a ba a bar shi ya kwana ba. Kuma ki kiyaye tukwanen dalma da ƙarfen alminiyon na bakin ƙofa, soda yana sa su duhu.

Maman Zara, Kabala:
Ni tambayata ta damina ce. Mu da ke kusa da kogi, da an shiga marka a watan Agusta sai baƙin ɗigo-ɗigo ya cika kusurwar banɗaki, in na dirje da soda ya tafi, sati biyu ya dawo.

Sista Ladi, Barnawa:
Wannan funfuna ce Maman Zara, abu ne mai rai, soda kankare samansa kawai yake yi, ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne. Nan ne wurin bilic, shi kaɗai, a surka da ruwan sanyi yadda aka rubuta a jikin robar. Safar hannu, ƙofa da taga a buɗe, yara a waje. A bar shi minti goma a ɗauraye. Amma in wurin bai bushewa zai dawo ko me aka sa. Bayan wanka a janye ruwan da abin jan ruwa, a bar ƙofar a buɗe, kada a tara jiƙaƙƙun kaya a ciki.

Maman Zara, Kabala:
Tagar ce matsalar, maƙwabci ya yi gini ya toshe ta. Kuma bangon ta waje ma a jiƙe yake, fenti duk ya kumbura, wani farin gari yana fitowa ta layin tayil ko ban zuba komai ba.

Malam Idi Mai Tayil:
Hajiya Maman Zara, wannan ya wuce wanki. Farin garin gishirin siminti ne, danshi ke turo shi daga cikin bango, kina gogewa yana sake fitowa. Ko dai ruwan ƙasa ne ke hawa bangon, ko fayif ya tsage a ciki. Ki gwada wannan: ki rufe ruwan banɗakin daga tanki kwana uku, ku yi amfani da bokiti. In bangon ya fara bushewa, fayif ne, mai famfo za a kira, tayil biyu ko uku za a cire. In bai canja ba, daga ƙasa ne ko daga ginin maƙwabcin, wataƙila ruwan indararonsa a jikin bangonki yake sauka, sai a leƙa ta baya lokacin da ake ruwa. Ki ƙwanƙwasa tayil ɗin layin ƙasa da bayan cokali, duk wanda ya yi ƙarar fanko ki sa masa alama. In gidan haya ne ki ɗauki hoto ki nuna wa mai gidan tun yanzu, kafin ranar tashi a ce ke kika ɓata. Cikon kuma kada a sake shi sai an shiga rani bangon ya bushe, in an yi a kan danshi ba ya kamawa.

Maman Zara, Kabala:
Haya ce Malam. Bari in rufe ruwan yau da daddare in gani, zuwa Juma'a zan turo hoton.